Bawku ta fi kama da Salaga, ba da Bonduku ba

Duk ɗan kasuwar da ke zuwa Sampa lokacin yazawa, wadda wasu ke kira kashu, ya san cewa da ya ƙetare shingen iyaka ya wuce ƙauyen Soko, kafin ya gama gyara zama a mota ya iso Bonduku ta ƙasar Kwaddebuwa. Nan take sidi ya koma sefa, ɗan sanda ya koma jandarma, takarda kuma sai da Faransanci. Yawancin mutanenmu ba su ɗauki garin a bakin komai ba face wurin awo da lodi. Ni kuwa ina ganin ya kamata mutanen Salaga da Yendi, musamman ma na Bawku, su tsaya su dubi tarihinsa da kyau, domin akwai abin da ya shafi jarinsu a ciki.

Bonduku tana zaune ne daidai bakin kurmi, inda dajin goro ya ƙare, ƙasar ciyawa ta fara. Nafana da Kulango ne tsofaffin mazauna wurin, sannan Abron suka zo daga ƙasar Akan suka kafa masarautar Gyaman. Da tsohuwar kasuwar Begho ta mutu a ƙarni na 18, sai Wangarawa, wato Jula, suka kwaso malamansu da dukiyarsu suka tare a nan. Goro da zinariya su ne suka jawo su, su ne kuma suka jawo kakanninmu, har Hausawa suka sami unguwarsu da ake kira Malagaso. Kowane jinsi da unguwarsa da babbansa, limancin gari kuma yana hannun gidan Timite. Saboda yawan masallatai ake yi wa garin kirari da garin masallaci dubu, kamar yadda ake ce wa Salaga garin rijiya dubu. Bafaranshen nan Binger ya shiga garuruwan biyu a shekara guda, 1888, a lokacin kuwa sunan Salaga ne ya kai Kano da Sakkwato, ko da yake ta fara ja da baya.

To, Bonduku ta sha wuya ba kaɗan ba. A 1818 Tonawa ƙarƙashin Osei Bonsu suka ci Gyaman da yaƙi, Sarki Adinkra ya rasa ransa. A 1895 Samori Ture ya mamaye garin. Bayan shekara biyu Faransawa suka shigo, a 1898 kuma su da Ingilishi suka ja layi suka raba Gyaman gida biyu, Sampa ta faɗo wannan ɓangare, Bonduku ta faɗa wancan. Ayarin jakuna ya mutu, zinariya ta tafi hannun kamfanoni. Ko a zamaninmu, yaƙin da ya raba Kwaddebuwa daga 2002 zuwa 2011 ya bar garin dab da layin da ya raba sojan gwamnati da 'yan tawaye. Duk da haka kasuwa tana ci, har an buɗe jami'a a garin a 2023.

Salaga fa? A 1874 Ingilishi suka ƙone Kumasi, Gwanja ta ɓalle daga Tonawa, su kuma suka karkatar da goro zuwa Kintampo. Wannan ya raunana ta, amma bai kashe ta ba. Abin da ya gama da ita shi ne yaƙin 1892 tsakanin 'ya'yan sarautar Kpembe. Ba fatake ne ke neman sarautar ba, amma rumfunansu da gidajensu ne suka ƙone. Aka watse, wasu Kete-Krachi, wasu Kintampo, wasu Yeji, wasu Kumasi. Malam Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya zauna a Salaga, shi ma daga baya Kete-Krachi ya koma, a can ya rasu a 1934. Ba na cewa komai na tsohuwar Salaga abin kewa ne, don kowa ya san har mutane an sayar a kasuwar. Kuma gaskiya ne daga baya goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, tafkin Akosombo ya shanye hanyar Yeji a shekarun 1960, manyan motoci suka koma bin Kintampo da Buipe. Amma duk waɗannan sun tarar da gari ne wanda masu gidansa da dillalansa sun riga sun kafa zango a wani wuri.

Me ya sa ɗaya ta farfaɗo, ɗaya ta kasa? Ba don mutanen Bonduku ba su san rigimar sarauta ba ne, su ma sun sha ta. A ganina dalilin shi ne Bonduku tana da abin sayarwa nata na kanta. Goro ya tafi, ga koko da kofi a kudancinta. Waɗannan suka ja baya, ga doya, musamman wadda suke kira kponan, wadda matan Abidjan ke nema da sunanta. Yanzu kuma ga yazawa, wadda Kwaddebuwa ta fi kowace ƙasa fitar da ɗanyenta, abin da take samu a shekara ya haura tan miliyan ɗaya. Ko an kori ɗan kasuwa daga irin wannan gari, dole ya dawo, tunda kayan a nan suke tsirowa. Ita kuwa Salaga ba ta da bishiyar goro, ba ta haƙa kanwa, ba ta saƙa turkuɗi. Mahaɗa ce kawai. Jarinta shi ne amana da lafiyar hanya, wato madugu ya san zai sauka gidan maigidansa, ya ba da bashi, ya dawo baɗi ya karɓa. Ranar da wannan ya karye, ba abin da ya rage da zai sa ayari ya biyo ta nan.

Kada a ɗauka ina cewa Bonduku aljanna ce. Dogaro da yazawa kaɗai shi ma hatsari ne, tunda masu fasa ta a Indiya da Biyetnam ne ke yanke farashi, manomi sai kallo. Gwamnatin Kwaddebuwa kuma ta hana fitar da ita ta iyakar ƙasa, saboda haka mai bin ɓarauniyar hanya zuwa Sampa ya sani cewa yana wasa da jarinsa ne, riba uku ba ta biyan kamu ɗaya.

Yendi ta ɗanɗana nata. Daga kisan Ya Na Yakubu Andani na biyu a watan Maris na 2002 zuwa naɗin Ya Na Abukari na biyu a Janairun 2019, shekara goma sha bakwai ke nan ana zaman ɗar-ɗar, mai kuɗi ya fi son ya gina shagonsa a Tamale. Abin da ya riƙe Yendi shi ne doya da masara da kaɗanya, wato dai ƙasarta.

Bawku ce ke ba ni tsoro. I, tana da albasa da dabbobi, amma abin da ya mai da ita babbar kasuwa shi ne zamanta a kusurwar ƙasa uku, Gana da Togo da Burkina Faso. Mahaɗa ce ita ma. Rikicin sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ya tashi a 2000 da 2001, ya sake tashi a 2007 da 2008, ya kuma dawo daga ƙarshen 2021 da dokar hana fita da hare-hare a kan motocin da ke bin hanyar Bolgatanga da Walewale, har ta kai sai da rakiyar soja. Sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na biyu, wanda ya jagoranci sulhun Dagbon, ya shiga tsakani a 2025. Allah Ya sa a dace. Amma mai sayen shanu ko atamfa ba ya jiran sulhu, ga Sinkase nan kusa a Togo, ga Bitu a Burkina. Wanda ya saba da sabon dillali, ya buɗe littafin bashi a can, da wuya ya rufe shi don an ce ƙura ta lafa.

Saboda haka ina kira ga sarakunan zango da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, su tsame hannun mutanensu daga wannan rigima ƙwata-ƙwata, ba gudummawar kuɗi, ba ɓoye makami a shago, ba ƙin sayar wa wani saboda ƙabilarsa. Su kuma haɗa baki su je wa gwamnati da buƙata ɗaya tak, a tsare hanyar Bawku zuwa Bolgatanga da harabar kasuwa a kowace ranar cinta, yadda ɗan Mossi da Bazabarme da Bakusase da Bamamprushe za su shigo da kaya su fita da kuɗi. Sannan a zauna a rubuta sunayen waɗanda suka kwashe shagunansu zuwa ƙetare tun 2021, a aika musu wakilai tun hayar da suka biya a can ba ta zagayo ba.