Tsuntsayen hunturu na Hadejia da Nguru: A ƙirga su kafin su daina zuwa

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, dausayin Hadejia da Nguru kan yi baƙi. Dubban tsuntsaye ne ke barin Turai kafin sanyi ya daskarar da tafkunansu, su keto Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a fadamun Jigawa da Yobe. Suna zama har wajen watan Maris, sannan su juya.

Ƙasashen waje sun daɗe da sanin darajar wannan wuri. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar, shi ne na farko a Najeriya. Baturiya a Jigawa da Dagona a Yobe sun biyo baya a 2008. Tun a 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo Dagona kallon tsuntsaye. Amma a gida, wanda ya tsaya bakin ruwa da madubin hangen nesa, kallon mara aikin yi ake yi masa.

Wannan kuskure ne. Kallon tsuntsaye ilimi ne, kuma ba ya buƙatar digiri. Wanda ya je bakin tafki da sassafe zai iya bambanta 'yan gida da baƙi. Kirinjijiya 'yar gida ce, tana da farar fuska, tana tsayuwa a miƙe, tana fito idan ta tashi. Dinya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, baƙa ce mai farin ciki. Cikin baƙin akwai wata ƙaramar agwagwa da namijinta ke da farin layi a saman ido, da wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini.

Haka abin yake ga masu farauta. Ana gane shirwa da wutsiyarta mai baki biyu. Akwai wani shaho da ke shawagi ƙasa-ƙasa a kan ciyayin ruwa, fikafikansa a ɗan ɗage sama. Akwai kuma wani mai farin ciki da ke tsayawa a sama, ya faɗo ruwa da ƙafafu, ya tashi da kifi. Waɗannan biyun daga Turai suke zuwa.

Amfanin wannan sani a fili yake. Tsuntsun ruwa ba ya sauka inda babu ruwa da abinci. Ruwan da ke ciyar da agwagwa shi ne ke ciyar da masunci, da mai noman shinkafa, da makiyayin da ke kawo shanunsa fadama da rani. Idan adadin tsuntsaye ya ragu shekara bayan shekara, alama ce cewa fadamar na mutuwa, kuma talaka ne zai fara ji a tukunyarsa.

Fadamar kuwa tana cikin matsi. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika dausayin kowace damina ta sauya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwan ruwa ya cinye gonakinsu, wasu kuma suna jiran ruwan da ba ya isowa. Gauraka, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa, ya yi wuyar gani a Najeriya. Ungulun da a da ke cika mahauta da kasuwanni ta shiga jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa a duniya tun 2015, kuma cinikin sassan jikinta don haɗa magani na cikin dalilan.

Wani zai ce ana fama da tsadar abinci da rashin tsaro, wa ke ta tsuntsu? Manomi ma zai ce shi tsuntsun da ya sani shi ne jan-baki mai cinye masa gero da shinkafa. Kukansu na da tushe. Sai dai jan-baki daban, agwagwar ruwa daban. Idan babu wanda ya iya bambancewa, sai a yi feshi ko a zuba guba, a kashe mai laifi da mara laifi, gubar kuma ta ƙare a cikin ruwan da ake sha ake kamun kifi.

Akwai abin da za a iya yi ba tare da kashe biliyoyi ba. Tun 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane watan Janairu. Ya kamata gwamnatocin Jigawa da Yobe su ware kuɗi a kasafinsu don a yi ta a dausayin nan duk shekara, a kuma wallafa sakamakon da Hausa. Cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos tana horar da masana, jami'o'in Dutse da Gashuwa kuma suna kusa da wurin. A haɗa su da masunta da mafarautan yankin, waɗanda suka san sunan kowane tsuntsu da lokacin zuwansa. A biya su ladan aikinsu, su zama 'yan jagora da masu gadi.

Hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are ita ma tana da nauyi a wuyanta: ta riƙa sakin ruwa bisa tsarin da ya yi la'akari da mutanen ƙasan kogi, ta kuma ci gaba da yashe hanyoyin da kachalla ta toshe.

Matasa ma na da rawar takawa. Da wayar hannu da manhaja irin su eBird, ɗalibi a Nguru ko Hadejia zai iya rubuta abin da ya gani, ya shiga kundin da masana ke amfani da shi. Janairu na zuwa kowace shekara, kuma duk wanda ya wuce ba a yi ƙidaya ba, bayaninsa ya tafi ke nan.