Hoton biki: dole ne sai kowa ya ƙame kamar soja?

Jama'a masu bibiyarmu, ku duba hotunan aure da na suna da ake ɗauka daga Maraɗi har Damagaram. Duk iri ɗaya ne: a jeru, a ƙame, ban da dariya, kowa ya kalli mai hoto. Ga kuma sabuwar doka ta waya, wai sai an haske fata har uwa ta kasa gane ɗiyarta.

Ba mu ce a yi watsi da ƙa'ida ba. Seydou Keïta na Bamako da ita ya yi suna: zane a baya, hasken rana, mutum zaune cikin kwalliyarsa. Amma Malick Sidibé ya fito daga ɗakin hoto, ya bi samari wuraren rawa da bakin kogi, ya ɗauke su suna motsi. A 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a birnin Venise. Nan Yamai ma haka Philippe Koudjina ya yi a shekarun 1960 da 1970, shi ya sa yau muke ganin yadda garin ya rayu da dare.

To, masu hotonmu, ku fara sanin haske da tsayuwa, sannan ku saki jiki. Ku ɗauki kaka tana guɗa, ku bar wa amarya launin da Allah ya ba ta. Jikokinmu mu za su nema a hoton nan.

Ƙa'ida ɗaya ce ba a taɓawa: kada a ɗauki mutum, balle a watsa, sai da izininsa.