Zauren Iyali: Diddigar gahawa, amfaninta da inda take cutarwa

 A wannan fitowa za mu fara da amsa laifinmu, domin da shi ne maganar ta taso.

Muna da wata goggo a nan Yamai wadda mijinta ya rasu ya bar mata ƴaƴa biyar da ɗan fili a bayan gida. A filin nan take shuka salati da tumatir da shu a lokacin sanyi, da kuɗinsu take sayen sabulu da littattafan lakkol. Ɗanta na fari yana aikin aike a wani biro inda ake dafa gahawar gari, wadda muka fi sani da kafe, kuma kullum ana zubar da diddigarta a shara. Mu ne muka ce masa ya riƙa kwaso ta, don mun ji ana cewa taki ce. Goggo ba ta yi musu ba, tunda ɗan malam ne ya faɗa, ga shi kuma ya yi boko. Ta shimfiɗa ta da kauri a kan fangalin da ta yafa iri. Bayan kwana goma sha biyar, abin da ya tsiro bai kai rabi ba, wanda ya fito kuma ya tsaya cak, ganyensa ya yi ɗorawa. Irin jika uku ya tafi, an kuma yi asarar mako uku na sanyi, wanda duk mai lambu ya san ba a mayar da shi.

Kunyar wannan al'amari ce ta sa muka koma muka bincika. Gaskiya ne diddigar gahawa tana ɗauke da abincin shuka: kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinta sinadarin azot ne, wanda shi ne ake nema a takin ure. Sai dai a ɗaure yake. Saiwa ba ta iya shan sa sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun ruɓar da diddigar, kuma yayin da suke wannan aiki su ma suna cin azot ɗin da ke kusa, su bar ƙaramar shuka da yunwa. Ban da haka akwai sauran kafeyin da wasu sinadarai masu ɗaci da ke danne tsiro. A shekarar 2016 masu bincike a birnin Melbon na ƙasar Ostiraliya sun gwada ta kai tsaye a kan shuke-shuke iri biyar, a ƙasa iri-iri, duka biyar ɗin girmansu ya ragu. Abu na uku shi ne wanda goggo ta gani da idonta tun kafin mu karanta: garin yana da laushi ƙwarai, idan ya bushe a rana sai ya yi ɓawo, ruwan ban-ruwa ya gangare ta kansa bai shiga ba.

To, ina mafita? Ita ce hanyar da kakanninmu suka bi da kashin dabbobi, wato a bar abu ya ruɓe kafin a kai shi gona. A haƙa rami a inuwa, a zuba busasshen ganye da karan gero da aka daddatse da kashin awaki da ɓawon kayan miya, sannan a barbaɗa diddigar a tsakani. Kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke ramin. A yayyafa ruwa har ya yi danshi ba tare da ya jiƙe sharkaf ba, a riƙa juyawa duk mako biyu. Da zafin ƙasarmu, cikin wata biyu zuwa uku zai zama baƙin taki mai ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko. A nan ne amfaninta yake bayyana, domin babban ciwon ƙasarmu mai rairayi shi ne rashin riƙe ruwa, ruɓaɓɓen taki kuwa yana riƙe shi. Masu cewa diddigar tana sa ƙasa tsami su kwantar da hankalinsu: yawancin tsamin ya riga ya tafi cikin kofin da aka sha.

Wani zai ce, mu da muke shan Nescafé a teburin mai shayi, ina muka ga diddiga? Haka ne. Wannan narkewa yake yi gaba ɗaya, tasa diddigar tana can masana'anta. Amma gidajen da suka saba da gahawar jabana irin ta Sudan, da ƴan uwanmu na Kamaru inda ake noman ta a wajen Bafusam da Nkongsamba, da masu aiki a otel da biro, duk suna samun ta da yawa. Ganyen shayin da samari ke zubarwa a bakin fada bayan ruwa na uku shi ma ramin nan ne wurinsa, in dai an ɗauraye sukarin, don kada a tara tururuwa.

A cikin gida aikinta ya fi sauƙi. Sharaɗi ɗaya ne: a shanya ta a faranti ta bushe sarai, in ba haka ba cikin kwana kaɗan za ta yi fumfuna. Busasshiya a ɗan kwano tana rage wari a firigo. Tana goge maiƙon tukunya kamar yadda toka take yi, tana kuma cire ƙarnin kifi da warin albasa daga hannu idan aka murza ta da sabulu. Kada dai a tura ta cikin bututun wanke-wanke, domin tana haɗuwa da mai ta toshe shi. A kuma ajiye ta inda yara masu rarrafe da kyanwa da kare ba za su kai ba, saboda kafeyin guba ne ga waɗannan dabbobi.

Akwai magana guda da muke roƙon iyaye mata su saurara da kyau. Ana yaɗawa a wayoyi cewa idan aka ƙona busasshiyar diddiga, hayaƙinta yana korar sauro. Kowane hayaƙi yana damun sauro na ɗan lokaci, amma hayaƙin yakan mutu tun dare bai raba ba, alhali sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro a tsakiyar dare ya fi cizo. Daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da gadajen yara ke cika a asibitoci, kada wani ya naɗe sange ya dogara da kaskon gahawa. Hayaƙi a rufaffen ɗaki kuma yana cutar da ƙirjin jariri.

Goggo ta yafe mana, bayan ta yi mana faɗan da ya dace. Mun biya kuɗin irin, mu ne kuma muka haƙa mata ramin da hannunmu a gindin zogalen da ke kusurwar gida. Ɗanta yana ci gaba da kawo diddigar a gwangwanin madara kowace Juma'a, amma yanzu ita ce take auna ta da kanta, gwangwani ɗaya ga bokiti guda na ganye da kashin awaki, kuma ba ta yarda mu matso kusa da fangalin iri.