Kowane Launi Da Wutarsa

Wanda ya tsaya a Kangiwa, ƙofar fadar Sarkin Katsina, ranar hawan salla, zai ga launin tufafi iri iri har ido ya gaji: ga shadda ruwan ƙwai, ga ruwan hoda, ga algashi, ga atamfa mai zane barkatai. Kowa ya san kuɗin rigarsa, ya kuma san telan da ya ɗinka ta, amma da wuya a sami mutum ɗaya cikin dubu wanda ya san yawan wutar da aka hura kafin launin nan ya zauna a jikin yadi. Alhali kuwa yawancin rinin zamani da wuta a ke yinsa, wuta kuwa ba ta rabuwa da hayaƙi, hayaƙin nan kuma shi ne ya ke dama wa manoma lissafin damina. Saboda haka masu cewa karofin kakanni ƙauyanci ne, galura ita ce ci gaba, ya kamata su zauna a yi lissafi da su.

Da farko sai a san irin hayaƙin da a ke nufi. Duk abin da aka ƙona, ko itace ne, ko man fetur, ko kwal, watau gawayin da a ke haƙowa daga ƙasa, yana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, masana suna kiranta iskar kabon. Idan ta taru a sama sai ta zama kamar bargo, ta bar zafin rana ya shigo, ta hana shi komawa duka. Kafin zamanin injuna, cikin kowane kashi miliyan na iskar duniya kashi 280 ne nata, amma a 2024 ta haura 420. Wannan ƙari shi ne ya ke sa duniya ɗumama. Lita ɗaya ta man dizal in ta ƙone takan ba da iskar nan fiye da kilo biyu da rabi, kilo ɗaya na busasshen itace kuwa ya ba da fiye da kilo ɗaya da rabi. Jimlar iskar da aka fitar wajen yin wani abu, tun daga gona har kasuwa, ita a ke kira sawun hayaƙinsa. Kowace riga tana da nata sawun, kamar yadda kowace dabba ta ke da nata a kan rairayi.

A 2017 wata ƙungiya ta Ingila mai suna Ellen MacArthur Foundation ta ƙiyasta cewa yin yadi a duniya ya fitar da irin wannan hayaƙi tan miliyan 1,200 cikin shekarar 2015 kaɗai. A 2018 kuma wani kamfanin bincike na Suwizalan, Quantis, ya rarraba hayaƙin tufafi mataki mataki, sai ya tarar rini da gyaran yadi su ne kan gaba da kashi 36 cikin 100, sun ɗara kaɗi, sun ɗara saƙa, sun ɗara noman auduga da yin zaren roba. Watau cikin kowane kilo uku na hayaƙin riga, fiye da ɗaya na launi ne da sheƙi.

Dalili kuwa a fili ya ke. A masana'anta, kafin a rina yadi sai an dafa shi an wanke, an sa masa maganin fari. Sa'an nan a tsoma shi cikin ruwan rini mai zafi. Yadin auduga yakan so zafi wajen digiri 60, daga baya a sāke wanke shi da ruwa mai kusan tafasa don launin da bai kama ba ya fita. Yadin roba kuwa ba ya shan launi sosai sai a digiri 130, alhali ruwa yana tafasa a digiri 100, don haka sai an rufe shi cikin tukunyar ƙarfe an matse tururi. Bayan wannan duka a bi da shi ta cikin injin busarwa mai zafi kamar tanderu. Kowane mataki tururi ya ke ci, tururi kuwa daga kwal ko gas ko mai ya ke fitowa.

To, ashe Katsina ba baƙuwa ba ce a sha'anin rini. Sunayen unguwanni irin su Marnar Gangare da Marnar Kadabo shaida ne. Waliyyin nan na ƙarni na 17, Ɗan Marna, sunansa a littattafan Larabci Muhammadu Ibn Sabbag, kalmar sabbag kuwa marini ta ke nufi. A maƙabartar da ke ɗauke da sunansa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Baturen nan matafiyi, Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya kuwa ba da labarin yadda rinannen tufan ƙasar Hausa ya ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Duk wannan ciniki an yi shi ba tare da an tafasa ko tulu ɗaya na ruwan rini ba.

Ga yadda abin ya ke. Marini yakan haƙa karofi mai zurfi, ya shafe cikinsa da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ya cika shi da ruwa, ya zuba baba da toka da katsi, ya rufe, ya bar shi kwanaki yana motsawa. Waɗansu ƙwayoyin halitta ƙanana su ne ke ruɓar da baban, su narkar da shunin cikin ruwa, ɗumin ƙasa da na rana ya ishe su aiki. In karofi ya nuna sai a tsoma zane, a ɗaga ya sha iska, ya fito kore kore ya juye shuɗi, a maimaita har ya kai yadda a ke so. Rana ta busar, mabuga su buga da hannu har ya yi ƙyalli. Karofi ɗaya yakan yi watanni yana aiki. In ya mutu a kwashe katsin, a ƙona, a mayar cikin sabon karofi ko a yi laso da shi. Gaskiya ne ƙona katsi da samun toka suna cin wuta, amma wuta ce ta lokaci lokaci, tokar kuma yawanci ta kara ce da ta murhu, karan kuwa baɗi zai sāke tsirowa ya zuƙe iskar da ya fitar. Shi kansa baba dangin wake ne, yana ƙara wa gona ƙarfi.

Galura kuwa asalinta daga kwal ta ke. A 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ya fitar da launi na farko daga kwaltar kwal. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kafin 1914 ya riga ya karya manoman baba na Indiya. Yau daga man fetur da kwal a ke yin galura. Watau tun kafin marini ya buɗe gwangwani an riga an ci bashin hayaƙi a wata ƙasa.

Sa'an nan shi kuma ya ɗora nasa. Masu rinin shadda na yanzu duro su ke girkawa a kan duwatsu, su hura itace. A yi lissafi: duro mai cin lita 200, in za a kai ruwansa ga tafasa a kan buɗaɗɗen murhu, inda zafin da ke shiga ruwan bai fi kashi 15 cikin 100 ba, sauran duk iska ta kwashe, sai an ƙona busasshen itace wajen kilo 30. Wannan ya ba da iskar kabon wajen kilo 50, a girki ɗaya, a wurin marini ɗaya. Itacen nan kuwa daga dazuzzukan da su ka rage a ke saro shi, a jihar da ke cikin jihohi 11 na bakin hamada, waɗanda a ke kashe kuɗi a dasa musu itatuwa ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ana dasawa da hannun dama, ana sarewa da na hagu, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Wani zai ce ai masaƙun Arewa sun mutu, don haka hayaƙin masana'anta ba na nan ba ne. Lalle masaƙar Kaduna ta farko da aka buɗe a 1957 ta daɗe da tsayawa, babbar masaƙar UNTL ma ta rufe a 2007. Amma mutane ba su daina sa tufafi ba. Hayaƙin ƙaura ya yi zuwa ƙasar Sin, inda kwal ne babban makamashi, aka kuma ƙara masa na jirgin ruwa da na manyan motocin da ke jawo dilolin yadi zuwa Kantin Kwari a Kano, daga can zuwa Katsina. Iskar sama ba ta san iyakar ƙasa ba, wadda aka saki a Sin da wadda aka saki a Ƙofar Ƙaura bargo ɗaya su ke saƙawa. An rasa aikin yi, an rasa kasuwar audugar Funtuwa da Malumfashi, hayaƙin kuwa yana nan daram. Ba wan ba ƙanen ke nan.

Wani kuma zai ce abin da Nijeriya ke fitarwa ƙalilan ne in an gwada da Amurka da Sin da Turai, su su ka ɓata, su gyara. Wannan magana da gaskiya a cikinta, kuma wajibi ne a ci gaba da bin su bashin. Amma wanda gobara ta taso daga gidan maƙwabcinsa ba ya ƙara wa danninsa kara don ba shi ya kunna ba. Itacen da aka sare a ƙasar Katsina, gonar Bakatsine ce za ta rasa inuwarsa, iskar bazara kuma ƙasarsa za ta kwashe. Ban da haka Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015, kuma a taron Gilasgo na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawari ƙasar za ta daidaita hayaƙinta kafin 2060. Alkawari kaya ne, ba a Abuja kaɗai za a sauke shi ba.

Hujja ta uku ita ce mai ƙarfi. Masu ita sun ce baba shuɗi kaɗai ya ke bayarwa, aikinsa da jinkiri, kuɗinsa da yawa, kuma gonakin duniya ba za su iya noma baban da zai ishi kowa ba. Haka ne, ba wanda ya ce a hana galura gobe da safe, don dubban samari daga bakin duron nan su ke ci. Amma araha ba ta ado. Yadin da ya koɗe bayan wanki uku, a jefar a sayi wani, ya fi wanda ya shekara goma tsada, a kuɗi da a hayaƙi. Al'adar anko ta ƙara lalata abin, kowane biki da nasa yadi, a sa rana ɗaya a cusa a adaka. Kowane ɗaya kuwa an dafa shi, an rina, an busar, an yi masa jigila. Dattawan da su ka gaji kore ko rawani ɗan Kura daga iyayensu, in ya dushe su mayar marina a sāke tsomawa, sun fi masu anko sanin tattali. Abin mamaki ma, waɗansu masana'antu na waje yanzu sun koma rinin sanyi, su jiƙa yadin auduga da launi, su naɗe, su bar shi ya kwana, don rage tururi. Abin da su ke alfahari da shi, watau a bar lokaci ya yi aikin wuta, shi ne karatun da karofi ya daɗe da haddacewa.

Saboda haka ga abin da ya kamata. Masarauta da ƙaramar hukuma su ƙidaya karofin da su ka rage a birni, su hana cike su da shara ko gina shaguna a kansu, a yashe waɗanda za su yasu, a sa tsofaffin marina su koya wa yara tun ilmin bai bi su kabari ba. Malaman gona su shigar da baba cikin amfanin da a ke ba manoma iri. Masu duro su gina murhun laka mai tsare zafi, su riƙa rufe bakin duro, su ɗumama ruwa da rana a baƙin tanki kafin su hura wuta, su tara kaya masu launi ɗaya su rina a girki guda. Kowanne cikin waɗannan yana rage itace, ragin itace kuwa riba ce a aljihunsu. Hukumomi da makarantu masu sayen yadi da yawa su keɓe wani kaso ga rinin gida. Iyayen biki kuma su ji kunyar ɗora wa dangi sabon anko kowane wata.

In an yi biris, to, a rina, wai an saci zanen mahaukaciya. Karofi zai ƙare, dajin ya ƙare, a wayi gari jikokin marina suna sayen shuɗi daga Sin, ba su san da wane ganye kakanninsu su ka tufatar da Sahara ba. Garin da ya sa wa waliyyinsa sunan marina bai kamata ya zama na ƙarshe wajen gane darajarta ba. Allah ya sa masu iko su ji, masu saye su lura, amin.