Wane Ne Kakan Kakanka?

Duk wanda ya zauna da samarin Limawa ko na Makera a Minna, ya tambaye su sunan kakan mahaifinsu, zai ga da yawansu sun tsaya suna sosa ƙeya. Wani ya ce ya ji an ce daga Kano suka zo, wani ya ce Katsina, amma wace unguwa, wane gida, wace shekara, sai Allah.

Abin bai zama na mamaki ba, domin kuwa Minna ƙasar Gbagyi ce, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, jirgin ƙasa kuma shi ya mai da ita birni. A 1911 aka gama shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro zuwa Kano, kana aka haɗa ta da ta Ikko a nan Minna. Sai leburori da fatake da mahauta da almajirai suka yi ta kwarara, ga Nupawa, ga Yarbawa, ga Hausawa. Wanda ya zo cin rani ya yi aure, ya gina gida, ya mutu a nan. Jikokinsa ne yau ke neman bakin zaren.

Akwai wasu mutane can nesa da suka mai da irin wannan nema abin sha'awa na lokacin hutu, watau jikokin 'yan ƙasar Norwe da ke Amurka. Ranar 4 ga Yuli, 1825, wani ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai suna Restauration ya tashi daga Stavanger da mutum 52, ya isa New York a watan Oktoba da 53, saboda an haihu a hanya. A cikin shekara ɗari da ta biyo baya, kimanin mutum 800,000 suka bi sahunsu. Yau jikansu yana zaune a Minnesota, ya buɗe kwamfuta, ya tarar da sunan kakansa a ƙidayar jama'a ta 1801 ko ta 1865, ko a littattafan coci inda aka daɗe ana rubuta haihuwa da aure da mutuwa.

Su ma fa ba su sha da sauƙi ba. A da, mutumin Norwe yakan ɗauki sunan ubansa ya haɗa da sunan gonar da yake zaune, in ya tashi daga gonar sunan ya sake. Sai a 1923 doka ta tilasta wa kowa ya riƙe sunan iyali guda. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, shi da ake kira Musa Funtuwa a makaranta, Musa Tela a kasuwa, a gida kuwa Ɗanlami.

Wani abin lura, a wannan shekara ta 1825 da jirgin ya tashi, a cikinta aka kashe Muhammadu Makau, Sarkin Zazzau na Haɓe, a yaƙin Lapai. Shi ne ya baro Zariya lokacin jihadi ya sauka Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wadda aka sake wa suna Suleja bayan an zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976. An san wannan dalla-dalla ne saboda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun zauna sun rubuta shi da Hausa, Frank Heath ya fassara, aka buga a 1952. To, amma wannan gidan sarauta ne, mai maroƙa da makaɗa waɗanda aikinsu ke nan riƙe sunayen sarakuna. Mahaucin da ya sauka tashar Minna da wuƙarsa ba wanda ya yi masa kirari.

Duk da haka bai rasa sawu ba. Tsagar fuskar da ke cikin tsohon hoto tana iya nuna Bagobiri ne ko Bakabe. Sana'ar gado shaida ce, haka wasan barkwanci: wanda kakarsa ke tsokanar Barebari ya san akwai jinin Fulani kusa. Wasu malamai sukan rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu da ajami a gefen littattafansu. Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin lardi na zamanin Turawa, har da na Minna, ga kuma Gidan Arewa. Sai dai waɗannan takardu sun fi ambaton hakimai da dagatai da kuɗin haraji, ba talaka ba.

Mafi girman ma'ajiya ita ce tsohuwar da ke ƙuryar ɗaki. Mata su suka riƙe wa ya auri wa, wa ya sha nono da wa, kuma su aka fi mantawa a tambaya.

Akwai tarko guda. Kusan duk mai neman asali yana fatan ya ɓulla gidan sarauta ko na sharifai, ba a cika jin wanda ya dawo ya ce kakansa bawa ne ko lebura ba, alhali kuwa wasu ne suka ɗauki ƙarafan hanyar jirgin nan a ka. Salsalar da aka yi wa kwaskwarima ba ta da amfani ran da aka zo rabon gado gaban alƙali, ko ran da yaro ya je ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali aka ce ya faɗi garin kakansa. Yaran da aka haifi iyayensu a Minna sukan tsaya tsakani a nan: inda suke ana ce musu baƙi, inda aka ce sun fito ba wanda ya san su.

Abin da ake bukata bai wuce littafin rubutu da wayar da ke ɗaukar murya ba. A fara da wanda ya fi kowa tsufa a gidan, a tambaye shi shi kaɗai, sa'an nan a je wa wani tsohon daban a ji ko maganarsu ta zo ɗaya. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyun da sunan wanda ya faɗa.