Share gefen titi a Kwatano: Darasi ga kasuwanninmu na kan iyaka

Idan dai ba a manta ba, a watan Janairun 2017 ne gwamnatin Shugaba Patrice Talon na Jamhuriyar Benin ta fito da motocin rusau, ta share rumfuna da tebura da kwantenonin da suka mamaye gefen titunan Kwatano da sauran manyan biranen ƙasar, bayan an shafa musu jan fenti a matsayin gargaɗi. Hujjar gwamnati ita ce gefen titi na masu tafiya a ƙafa ne.

Duk wanda ya taɓa zuwa sarin kaya a kasuwar Dantokpa ko ya kwana a unguwar Zango kafin lokacin ya san hujjar tana da ƙarfi. Inda kaya suka cinye gefen titi, dole mai ciki da tsoho da ɗan makaranta su sauka tsakiyar hanya suna gogayya da 'yan acaba masu rigar ruwan ɗorawa, waɗanda a can ake kira zemijan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma fiye da ɗaya cikin biyar daga cikinsu masu tafiya a ƙafa ne.

Sai dai abin da ya kamata mu duba shi ne yadda aka jera matakan. An yi rusau a 2017. A 2018 aka fara shimfiɗa kwalta a unguwannin birane tara, tare da magudanun ruwa da fitilu da dakalin masu tafiya a ƙafa. Amma sababbin kasuwannin unguwanni na Kwatano, irin ta Cadjehoun, sai a 2024 aka fara buɗe su. Ke nan shekara bakwai tsakanin korar mai tebur da ba shi rumfa. Ina mai ƙaramin jari zai kai kayansa a tsawon wannan lokaci?

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A Jibiya da Illela da Maigatari da Birnin Ƙonni, ranar kasuwa buhunanmu ne ke kan bakin hanya, tireloli na sauke kaya a ƙofar gidajen mutane, yara kuma na ratsawa ta tsakaninsu. Ranar da hukuma za ta waiwayo mu, mu ne za mu yi asara.

Don haka muna ganin bai kamata mu jira jan fenti ba. Shugabannin kasuwa su ja layin da kaya ba za su ƙetare ba, a ware wa manyan motoci wuri da lokacin sauke kaya, a kuma nemi a rage gudu zuwa kilomita 30 a sa'a a titunan da ke ratsa kasuwa, kamar yadda taron ƙasashen duniya na Stockholm ya ba da shawara a 2020. Su kuma hukumomin da ke karɓar harajinmu, su fara gina rumfa kafin su aiko motar rusau.

Mu tuna, wanda ke tafe a ƙafa shi ne mai sayen kayanmu. Idan bai iso tebur lafiya ba, babu ciniki. Allah Ya kiyaye mana hanya.