Tattaki, Doka da Ƙuri'a: Darasin da Ke Wuyanmu

'Yan'uwa malamai, kowane zango muna shiga aji mu karantar da cewa sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa 'yancin taruwa cikin lumana. To amma ɗalibanmu suna da ido. Sun ga yadda aka gurfanar da sa'o'insu gaban Babbar Kotun Tarayya ta Abuja ranar 1 ga Nuwamba 2024, bayan wata uku a tsare kan zanga-zangar tsadar rayuwa, har wasu suka yanke jiki suka faɗi. Idan sun tambaye mu, me za mu ce?

Ra'ayinmu shi ne kada mu tsorata su, kada kuma mu zuga su. Mu ba su tarihi, domin waiwaye adon tafiya ne.

Mu gaya musu cewa Malam Aminu Kano malamin makaranta ne kamarmu kafin ya jagoranci NEPU, wadda aka kafa a 1950. Mu gaya musu cewa Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda neman 'yancin mata, kuma matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Abin lura ne a garin Daurama, inda sarauniyoyi suka yi mulki tun kafin zuwan Bayajidda.

Su kuma san cewa a Satumba 2003 'yan sanda sun tarwatsa gangamin ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, alhali ɗan takarar jam'iyyar a zaɓen shekarar ɗan Daura ne, Muhammadu Buhari. Jam'iyyun adawa suka garzaya kotu, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da cewa taron lumana ba ya buƙatar izinin 'yan sanda. Haka nan matsin lambar matasa ce ta sa aka rushe rundunar SARS ranar 11 ga Oktoba 2020. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma ta haramta kama mutum a madadin ɗan'uwansa, ko kama shi kan bashi kawai. Iyaye nawa ne a Mai'adua, Zango ko Baure suka san da wannan?

Ko a Amurka, tattakin da baƙaƙen fata suka yi daga Selma zuwa Montgomery a Maris 1965 bai tsaya a kan titi ba. Cikin Agusta ya haifar da dokar kare 'yancin zaɓe. Nan ne muke da rauni. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ƙasa da kashi 30 cikin 100 na masu rajista ne suka fito. Wanda ya cika titi da kuka amma ya ƙaurace wa rumfar zaɓe ya bar aikinsa rabi. Wanda kuwa ya ƙona dukiyar jama'a ya miƙa wa masu danniya hujjar da suke nema.

Saboda haka muna kira ga kowane malami a wannan reshe da ya karanta wa ɗalibai waɗannan dokoki da Hausa, ya kai batun taron iyaye da malamai, ya kuma tabbata duk ɗalibin da ya cika shekara 18 ya san inda ake rajistar katin zaɓe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma alli yana hannunmu.